Waya a Kan Gora Biyu

Sabon Gungu, kusa da Warra
16 ga Nuwamba, 1969

Zuwa ga Yaya Illo,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da abokan aikinka na gidan waya. Barka da shan ruwa, don na ga maƙwabtanmu Musulmi sun kama azumi. Mu nan lafiya muke, in ban da ciwon gwiwa da ya matsa wa Inna, uwar maigidana.

Wataƙila sai ka yi tunani kafin ka gane ni. Ni ce Rahila, jikar Altine wadda suke ɗaki ɗaya da kakarka Hawwa. Rabonmu da juna tun bikina da Ishaya, shekara biyar ke nan, ranar da ku biyu kuka bar mutane suna rawa kuka koma gindin tsamiya kuna kwance rediyon wani.

Ka san ya shiga soja a farkon yaƙi, sashen masu oba-oba, wato rediyon da sojoji ke magana da juna. Takardarsa ta ƙarshe ta zo ne a watan da aka kwashe mu daga gungunmu, tsibirin da muke zaune, saboda ruwan dam. Yau wata goma sha biyar ban ga rubutunsa ba. Ina aikin ungozoma a ɗakin shan magani na nan, in na tashi sai in dawo gida, daga ni sai Inna. Ba a cika shigo mana ba. Har yanzu mutane ba su manta cewa shi ne ya riƙa bin masu awon ƙasa a jirgi suna kafa turaku inda ruwa zai kai ba, kamar shi ya kira ruwan.

Makon jiya gara ta shiga akwatinsa, dole na zazzage kayan a rana. A ciki na ga wani littafi da adireshinka a bango. A shafi na uku akwai zanen sanduna biyu da waya a tsakani, an rubuta a ƙasa: "Eriyar jin tauraro, a tambayi Illo." Ga kuma naɗin wayar jan ƙarfe guda biyu, ya auna ya yanke. Babban rediyon nan mai nauyi da masu awon suka bar masa yana ƙarƙashin gado. Ya koya mini kunna shi, kuma da na sa aka yi wa batirin caji na ga fitilunsa sun kama, amma ba ya kamo komai sai shuu, don tsohuwar eriyar tana can kan giginyar da ruwa ya ci.

Abu biyu nake roƙo. Na farko, tunda kana Kaduna inda sojoji suke da yawa, ka taimaka ka tambaya mini labarinsa. Na biyu, ka gaya mini abin da zanen nan yake nufi. Wane tauraro ne ake ji da kunne? In abu ne da mace za ta iya haɗawa, ina so in haɗa, ya dawo ya tarar da shi a tsaye. Yammacin nan yana yi mini tsawo.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka,
Rahila

Tudun Wada, Kaduna
2 ga Disamba, 1969

Zuwa ga ƙanwata Rahila,

Bayan sallama da gaisuwa, na sami takardarki, na kuwa gane ki tun daga layin farko. Ina lafiya, azumi yana tafiya daidai. Ki gaida Inna, Allah ya ba ta sauƙi.

Na ji kunya da ke ce kika fara rubutowa. Ni ma Ishaya ya daina aiko mini tun bara, na yi ta cewa halin yaƙi ne. Na je wurare biyu na tambaya, an karɓi sunansa da lambarsa an ce in dawo. Ba zan gaji ba.

Tauraron da yake nufi ba irin wanda muka sani ba ne. Na ɗan'adam ne, akwatin ƙarfe da ake harbawa sama ya yi ta kewaya duniya, da ɗan rediyo a cikinsa yana kuka. Tun muna makarantar koyon sana'a Ishaya yake cewa sai ya ji ɗaya da kunnensa. Kin kuma rubuto a kan gaɓa. Mu huɗu ne a nan masu wannan sha'awa, sauraro kawai muke yi, kuma mun ji cewa wasu ɗalibai a wata ƙasa mai nisa sun ƙera wani ƙarami da za a harba bayan sabuwar shekara. Rediyon Ishaya zai iya kama shi, can ƙarshen lambobi, ƙasa kaɗan da ashirin da tara da rabi.

Ga yadda za ki yi. Ki samo gora biyu dogaye, ki kafa ɗaya gabas ɗaya yamma. Wayar za ta rataya a tsakaninsu, tsayin ƙafa goma sha biyu daga ƙasa. Kada ki kai ta ƙololuwa, abin daga sama yake zuwa, ba daga bayan duwatsu ba. Wayoyin da ya yanke na wani tsohon tauraro ne, sun yi tsawo. Ki rage kowace ta koma ƙafa takwas ba inci ɗaya. Ki sami wuyan kwalba uku: ɗaya a tsakiya ya raba wayoyin kada su taɓa juna, ɗaya a kowane ƙarshe, daga nan sai igiya zuwa gora. Daga tsakiya ki sauko da wayar lantarki mai igiya biyu a murɗe, kowace igiya ta kama gefe ɗaya, a liƙe da dalma, ki shigar da ita ta taga zuwa ƙusoshi biyun da ke bayan rediyo. Awon shi ne komai. Ki ari tef ɗin tela, kada ki auna da kamu.

Kin ce yamma tana yi miki tsawo. Nawa ɗakin ciki ɗaya ne, maƙwabtana ba wanda ya san inda Yauri take. Ban zo gida ba tun da ruwa ya hau, ban san me zan tsaya in kalla ba, tunda kabarin babana yana ƙarƙashinsa.

Wassalam.
Yayanki,
Illo

Sabon Gungu
28 ga Disamba, 1969

Yaya Illo,

Ina gaisuwa. Barka da salla, ko da ta wuce. Mun yi Kirsimeti lafiya, Inna ta iya takawa har coci da sanda.

Eriya ta tsaya! Amma ba ta tsaya da sauƙi ba. Gora na samo wurin masu jirgi, irin ta tuƙi, na haɗa biyu-biyu na ɗaure kafin tsawon ya kai. Ramin farko da na haƙa bai yi zurfi ba, iskar tafki ta kayar da ta gabas ta fasa mana tulu. Kwalaben magani na ɗauko a wurin aiki, waɗanda aka gama da su. Na fasa bakwai kafin na sami wuya uku masu kyau, har ɗaya ta yanke ni a babban yatsa. A ƙarshe Malam Sahabi mai gyaran fitila a kasuwar Warra ne ya nuna mini dabara: a ɗaura zare mai kananzir a wuyan, a kunna, a tsoma cikin ruwa, sai ya cire ƙwal. Shi ya zo ya yi liƙin dalma. Yana yi yana tambaya, "Malama, wai da wa za ki yi magana?" Na ce ba magana zan yi ba, saurare zan yi. Ya ce, "To, ai shi ya fi wuya."

Abu ɗaya ne ban bi maganarka ba. Na kasa yanke wayar. Na ɗauki almakashin ƙarfe na ajiye har sau uku. Da hannunsa ya auna ta, akwai ma inda ya ɗaura jan zare. Sai na lanƙwasa rarar ta koma baya na murɗe ta jikin 'yar'uwarta, awon ya tsaya ƙafa takwas ba inci ɗaya daga wuyan kwalba zuwa wuyan kwalba. In hakan zai ɓata, ka gaya mini gaskiya.

Da na haɗa na kunna, sai ga muryoyi sun cika kunnena, harsunan da ban taɓa ji ba. Na zauna a nan har tuwo ya kama. A wurin da ka ce kuwa ba komai tukuna, sai shuu.

Mutane suna tsayawa a bakin darni suna kallo. Wasu sun ce tarkon tsuntsu ne. Wata ta ce a gabana, mijin ya kira ruwa, bari mu ga abin da matar za ta kira. Inna kuwa ta hana a shanya kaya a kan eriyar.

Babu wani labari?

Ƙanwarka,
Rahila

Kaduna
25 ga Janairu, 1970

Ƙanwata Rahila,

Sallama da gaisuwa. Ina lafiya, ina fata ku ma haka. Alhamdu lillahi, yaƙi ya ƙare. Garin nan ya cika da sojoji masu dawowa, kullum na tashi aiki sai na bi ta tashar jirgin ƙasa ina duba fuskoki. An kwatanta mini wani kofur da aka ce sun yi aiki tare, yana kwance a asibiti. Zan neme shi.

Lanƙwasa wayar da kika yi daidai ne, ba ta ɓata komai ba. Da ni ne ma da haka zan yi.

Albishirinki, an harba tauraron shekaranjiya, kuma jiya mun kama shi a nan. Na lissafa miki lokutan da zai bi ta kanku. Ranar Asabar, bakwai ga Fabrairu, da ƙarfe uku da kwata na rana, ki kunna rediyo ki sa allura inda na gaya miki, ki riƙa murɗawa a hankali. In Allah ya so za ki ji abin da Ishaya ya daɗe yana marmarin ji. Ki sani tauraron yana da rai ne muddin batirinsa bai mutu ba, an ce ba zai wuce 'yan makonni ba, shi ya sa Asabar da Lahadi kaɗai yake magana. Sauran lokutan suna bayan takarda. Wajen minti ashirin zai yi ya wuce. Za ki ji ɗigo huɗu, wato gajeriyar ƙara tit-tit sau huɗu, sannan biyu, sai wani siririn kuka mai hawa da sauka.

Ni ma zan kasance a gaban namu rediyon a daidai wannan lokaci.

Wassalam.
Illo

Sabon Gungu
4 ga Fabrairu, 1970

Yaya Illo,

Lafiyarmu ƙalau, yau kam ƙalau. Ka yi haƙuri da rubutun.

Takardarka ta iso jiya a jiƙe. Iska ta taso wa jirgin da ya ɗauko jakar wasiƙu daga Yelwa, ruwa ya shiga ciki. Tawadar ta narke a wurare da yawa, bayan takardar ma ba a ganin komai. Na shanya ta a kan murfin tukunya na karanta abin da ya rage. Na ga yaƙi ya ƙare. Na ga wani kofur da suka yi aiki tare. Na ga Asabar, bakwai ga wata, ƙarfe uku da kwata. Sannan a tsakiya, inda aka ninke, ga abin da ya fito, na kwafe shi yadda yake:

"za ki ji ... Ishaya ... yana da rai ... yake magana."

Yaya Illo, na karanta ya fi sau talatin. Na kai wa malamin makaranta ya duba da tabarau, shi ma abin da ya gani ke nan. Ashe ka same shi! Na gane yadda abin yake: shi mai oba-oba ne, kai kana gidan waya, kun shirya ya yi mana magana ta rediyon kafin a sallame su. Shi ya sa ka dage a kan awo. Me ya sa ba ka faɗa tun farko ba? Ko ba ka so ka sa mini rai kafin ka tabbatar?

Na gaya wa Inna. Sai ta ce in ciro mata zanenta na saƙi daga ƙasan akwati in shanya. Labari ya bazu. Mutanen da suka shekara ba su taka gidan nan ba sun zo yi mana barka. Har matar nan mai baƙar magana ta aiko da busasshen kifi.

Na kai batir caji wurin direban motar kasuwa. Na sake auna wayar, tana nan daidai. Saura kwana uku.

Allah ya saka maka.
Rahila

Sabon Gungu
9 ga Fabrairu, 1970

Yaya Illo,

Muna lafiya. Ban san yadda zan fara ba, bari in faɗi yadda aka yi.

Ranar Asabar tun ƙarfe biyu tsakar gida ta cika. Na fito da rediyon bakin ƙofa na ɗora a kan turmi. Inna ta zauna kusa da ni da zanenta na saƙi. Mai wa'azinmu ya yi addu'a, Malam Sahabi ma ya rufe rumfarsa ya zo. Da uku ta yi na sa abin kunnen da ake sauraren rediyon da shi, aka yi tsit, har ana jin ruwa yana dukan gaɓa.

Uku da kwata ta wuce ba komai. Na yi ta murɗawa. Can wajen uku da minti ashirin sai na ji wani abu siriri ƙasa-ƙasa, kamar sauro a cikin tulu. Ya ƙara fitowa. Ɗigo huɗu, ɗigo biyu, sai kuka mai hawa da sauka. Na ɗaga hannu, mutane suka matso. Na ce a raina wannan sallama ce irin tasu, yanzu muryar za ta biyo. Abin yana zamewa ina bin sa da allura. Ɗigo huɗu, ɗigo biyu. Inna ta riƙe mini gwiwa tana cewa, "Shi na? Mi ya ce?" Na ce ta dakata. Haka har ya yi ƙasa, ya koma cikin shuu ɗin da ya fito.

Na ƙara rabin sa'a da abin a kunne don kada in ɗago in dubi mutane. Da na cire, rabinsu sun tafi. Mai wa'azi ya ce wataƙila gobe. Jiya Lahadi na sake zama bayan coci, mutum biyar suka zo, na kama shi wajen ƙarfe huɗu, abin da na ji ke nan dai. Yau ba wanda ya zo.

Yanzu hankalina ya dawo, na san tauraron na ji. Eriyar ta yi aiki. Na ɗauka ranar da hakan ta faru zan yi guɗa.

Inna ba ta ci abinci ba tun Asabar, ba ta kuma cire zanen ba. Ga takardarka na mayar maka a cikin wannan. Ka dube ta, ka gaya mini abin da ka rubuta a wuraren da ruwa ya cinye. Kada ka tausaya mini. In yana da rai, yana ina? In ba haka ka ce ba, me ka ce?

Rahila

Kaduna
13 ga Fabrairu, 1970

Ƙanwata Rahila,

Sallama. Ina lafiya a jiki. Takardarki ta huɗu ga wata ta iso yau da safe, na karanta a tsaye a wurin aiki, sai da na nemi kujera. Asabar ɗin ta riga ta wuce da kwana shida, ba abin da zan iya tsayarwa.

Ba haka na rubuta ba. Cewa na yi za ki ji abin da Ishaya ya daɗe yana marmarin ji, kuma tauraron ne na ce yana da rai muddin batirinsa bai mutu ba. Da na san kalmomin nan za su tsaya kusa da juna haka, da na zaɓi wasu. Ki yafe mini.

Akwai laifin da ya fi wannan, kuma shi nawa ne ni kaɗai. Na sami kofur ɗin tun ran talatin ga Janairu. Sunansa Yusha'u, mutumin wajen Zuru ne, an yanke masa ƙafa ɗaya. Na zauna da shi, ya gaya mini komai. Na dawo na ɗauki alƙalami, sai na ce bari in bar ki ki ji tauraron tukuna da farin ciki, in ya so daga baya in rubuto. Da na rubuto a ranar, wataƙila da ta riga Asabar isowa.

Rahila, Ishaya ya rasu. A watan Oktoba na shekarar 1968 ne, a wani gari na bakin kogi can kudu. Ya hau bishiya yana ɗaura wayar oba-oba, harsashin igwa ya faɗo kusa, ɓaraguzan suka same shi a ciki. Ya kai yamma, yana cikin hankalinsa. Abokansa suka binne shi, wani Kirista a cikinsu ya yi masa addu'a. Yusha'u ya ce shi da kansa ya rubuta muku takarda, ya sa sunan gungunku a bayanta yadda Ishaya ya faɗa masa. A lokacin gungun ya riga ya nutse.

Allah ya ba ki haƙuri, ya ba Inna. Ban san yadda za ki gaya mata ba. In kina so in zo in faɗa da bakina, ki aiko, zan nemi izini. In kuma ba kya son ganina, na fahimta.

Wassalam.
Illo

Kaduna
6 ga Maris, 1970

Ƙanwata Rahila,

Ina gaisuwa, ina fata kuna lafiya. Takardarki ta tara ga Fabrairu ta zo bayan na aika tawa, sun yi saɓani a hanya. Na ga jiƙaƙƙiyar takardata. Ko ni aka ba ta haka, abin da zan karanta ke nan.

Yau mako uku ban ji daga gare ki ba. Ban sani ba ko tawa ta iso, ko ita ma ruwa ya ci, ko fushi kike yi. Salla ta zo ta wuce ban fita ko'ina ba. Na daina zuwa wurin sauraron, abokaina sun ce muryar tauraron ta yi rauni sosai. Ko layi ɗaya ne ki rubuto, in san Inna tana ci.

Illo

Sabon Gungu
15 ga Maris, 1970

Yaya Illo,

Gaisuwa. Muna nan da rai. Inna tana ci, kaɗan-kaɗan. Takardunka biyu duka sun iso a bushe.

Na yi fushi da kai, ba zan ɓoye ba. Kwana goma sha huɗu ka riƙe mutuwar mijina a aljihu. Amma ni ma sai da na riƙe ta kwana biyu kafin na iya buɗe baki gaban Inna, daga nan fushin ya fara sauka. Tana tsince wake na zauna na ce, "Inna, Illo ya rubuto." Ba ta ɗago ba, ta ce, "Na sani tun ran Assabar. Hwaɗi dai in ji." Na faɗa. Ta gama tsince waken tas, sannan ta shiga ɗaki ta cire zanen.

An yi masa addu'a a coci. Mutane sun zo da yawa, har waɗanda ba su gaishe shi a hanya. Ban san me zan yi da zuwan nasu ba, na dai ba su ruwa.

Ban taɓa rediyon ba sai Asabar ta ƙarshen Fabrairu, kuma Inna ce ta sa. Ta ce, "Wanga abu da ɗana ya so ji, sa mini shi in ji." Ba ni da lokutanka, sai na zauna tun ƙarfe biyu ina jira. Da ya fito na ɗora mata abin kunne a kan ɗankwali. Ta rufe ido tana saurare har ya kusa wucewa, sannan ta tambaye ni me yake cewa. Na gaya mata abin da na gani a littafin Ishaya, cewa irinsu sukan faɗi zafin jikinsu ne da ƙarfin da ya rage musu. Ta ce, "To. Shi dai yana aiko ma mutanensa da labarin lahiyatai." Ta miƙo mini abin ta tashi.

Asabar da ta biyo da ƙyar na ji shi. Jiya na zauna daga biyu har biyar, babu.

Ƙanen Inna ya zo daga Shanga, ya ce za ta koma wurinsa bayan Ista. Ba zan hana ba, can tana da jikoki. Mutanenmu sun ce ni ma in tattara in koma gida, amma mata shida ne a garin nan za su haihu kafin damina, ba wata ungozoma. Zan zauna. Malam Sahabi ya tambaya ko a sauke gorar, na ce a bar ta.

Inna ta ce kada ka wahalar da kanka a kan takardar, ruwa ne, ba kai ba. Abu ɗaya take so ka tambayar mata wurin kofur ɗin. Ta ce ba ta tambayar ko ya sha wuya, ta san ya sha. So take ta san wanda ya rufe masa ido.

Ƙanwarka,
Rahila

Kaduna
24 ga Maris, 1970

Ƙanwata Rahila,

Sallama da gaisuwa gare ki da Inna. Ina lafiya.

Na tafi asibiti a ranar da takardarki ta zo, na tarar ana shirin sallamar Yusha'u, an ba shi sanduna. Na karanta masa tambayar Inna. Ya juya fuska bango, sannan ya ce shi ne, kuma kan Ishaya yana bisa cinyarsa, wadda aka yanke daga baya. Na ɗauko takarda zan rubuta, sai ya riƙe mini hannu ya ce wannan ba maganar takarda ba ce, uwa ce ta yi tambaya.

An ba ni hutun kwana biyar. Za mu kwana a Kontagora ranar Alhamis, mu kamo motar Warra da safe. Ki roƙi ƙanen Inna ya dakata mana. Ki kuma sa a nemo jaki ko amalanke a tasha, Yusha'u bai saba da sandunan ba tukuna, ya ce kuma ba zai yarda a goya shi zuwa gaban uwar Ishaya ba.

Wassalam.
Yayanki,
Illo